Feshin hanci na Semax: me ya tabbata a kansa, me kuma ake ƙarawa?

Abu Yasir (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tallar wani feshin hanci na ta yawo a Snapchat da TikTok, musamman yanzu da jarabawar shiga jami'a ta Saudiyya, Ƙudurat da Tahsili, ta gabato. Suna kiransa Semax, akwai kuma ɗan'uwansa Selank. Wai yana buɗe kai, yana ƙarfafa hadda, yana kuma kare ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki da mantuwar tsufa. Iyaye sun fara tambaya, har da ɗalibanmu na Madina masu haddar matanin littattafan ilimi. Masana na cikinmu, don Allah a warware mana: mene ne shi, kuma wane ɓangare na maganar ne gaskiya?

Famasis Nura (Riyad): Wa alaikumus salam Abu Yasir. Semax ba ganye ba ne, ba kuma bitamin ba. Feftayid ne, gajeriyar sarƙa ta amino asid guda 7 kacal. Huɗun farko an kwaikwayo su daga ACTH, sinadarin da wata ƙwaya a gindin ƙwaƙwalwa ke fitarwa don jiki ya saki kotizol, sinadarin da ke ƙaruwa lokacin damuwa. Sai aka liƙa musu wasu 3 a wutsiya domin kada sinadaran da ke narka furotin su daddatsa shi nan take. Da yake guntu ne kawai na ACTH, ba ya tayar da kotizol. A Mosko aka haɗa shi a shekarun 1980, a cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta Kwalejin Kimiyyar Rasha tare da Jami'ar Mosko. A can magani ne mai rajista, har yana cikin jerin muhimman magungunan da gwamnatinsu ta amince da shi a 2011.

Ga inda ya kamata a tsaya. Na Rasha ɗigo ne, ba feshi ba. Kwalba ce ta mililita 3, ƙarfinta iri biyu. Mai 0.1%, kowane ɗigo yana ɗauke da maikirogiram 50. Mai 1%, kowane ɗigo maikirogiram 500, wato ninki goma. Takardar mai rauni ta ce don gajiyar tunani a yi ɗigo 2 zuwa 3 a kowace ƙofar hanci, sau 2 ko 3 kafin rana ta yi nisa, jimilla maikirogiram 400 zuwa 900 a yini, na kwana 3 zuwa 5 kawai. Mai ƙarfin na asibiti ne, na wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, miligiram 6 zuwa 20 a yini na kwana 10, likita na tsaye a kai. Selank kuwa daga wani sinadarin garkuwar jiki mai suna tuftsin aka kwaikwayo shi, ƙarfinsa 0.15%, kuma don fargaba aka yi masa rajista, ba don hadda ba.

Hukumar FDA ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya ba, haka hukumar magunguna ta Turai. Nan Saudiyya ma ba za ka shiga kantin magani irin su Nahdi ko Dawaa ka same shi ana sayarwa ba.

Dakta Isiyaku (Dammam): Malam Nura ya shimfiɗa tushe mai kyau. Ni dai roƙona kada mu yi saurin cewa tunda Amurka ba ta sa hannu ba to banza ne. Akwai aikin kimiyya na gaske a bayansa. An nuna a ɓeraye cewa ɗiga shi a hanci sau ɗaya yana ɗaga BDNF a sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon ilimi cikin 'yan sa'o'i. BDNF furotin ne da ke taimaka wa ƙwayoyin jijiya su rayu, su kuma ƙulla sababbin mahaɗa a tsakaninsu. An ga kuma yana taɓa dofamin da serotonin, sinadaran da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana sauya aikin ƙwayoyin gado masu kula da kumburi bayan an toshe wa ɓera jijiyar jini ta ka. Ba za a kira wannan tatsuniya ba. Kuma shekaru da dama ana amfani da shi a asibitocin Rasha, illar da takardarsa ta fi ambata ita ce ɗan kaikayi ko zafi a cikin hanci.

Dakta Sa'adatu (Makka): Dakta Isiyaku, ban musa maka ko ɗaya ba, amma duk abin da ka lissafa a ɓera ne. A fannin jijiya wannan shi ne ramin da aka fi faɗawa. A 2006 wasu masu bincike sun ƙirga magungunan da aka gwada don kare ƙwaƙwalwa lokacin shanyewar ɓarin jiki, suka samu 1,026. Da yawansu sun yi abin mamaki a dabbobi. Da aka zo kan mutane, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu buɗe jijiyar da ta toshe ko hana jini daskarewa, ba masu "kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa" ba. NXY-059 ya ba da fata a gwajin farko, ya faɗi a na biyu a 2007.

Mu duba na mutane a kan Semax. Wani aiki na 1997 ya ba marasa lafiya 30 maganin, ya kwatanta su da wasu 80. Wani na 2018 ya bi mutum 110 masu murmurewa daga shanyewa. Na masu lafiya ya fi haka ƙanƙanta: wanda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI mutum 24 ne, kuma abin da ya auna sauyi ne a hoto, ba yawan abin da mutum ya haddace ba. Kusan duka daga ƙasa ɗaya suka fito, sau da yawa daga mutanen da ke da alaƙa da waɗanda suka ƙirƙiro shi. Ba zargin ƙarya nake yi musu ba. Ƙa'ida ce a kan kowa: sai an yi babban gwaji a asibitoci da dama, an raba mutane da ƙuri'a, mara lafiya bai san me aka ba shi ba, likita ma bai sani ba, sannan wasu can daban su maimaita su samu abu ɗaya. Semax bai haye wannan ba.

Kuma akwai feftayid na hanci da suka shiga irin wannan gwajin, mun ga yadda ta kaya. Davunetide, mai amino asid 8, an yi masa kirarin kare jijiya. Aka gwada shi a mutum 313 masu wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa na mako 52, miligiram 30 sau biyu a rana, bai bambanta da holoƙo ba, wato feshin da babu magani a cikinsa. Insulin ta hanci don farkon cutar Alzheimer, mutum 289, wata 12, sakamakon ya fito a 2020, babu amfani a babban rukunin. Oksitosin ta hanci ga yara 290 masu otizim, 2021, shi ma haka. Dukansu ukun sun fara ne da ƙananan gwaje-gwaje masu daɗin ji.

Dakta Isiyaku (Dammam): Na karɓi wannan, Dakta. Sai dai a gwajin insulin ɗin akwai darasi na daban. Na'urar feshin da suka fara da ita ta riƙa samun matsala, aka sauya ta bayan an ɗauki rukunin farko, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka yi amfani da ta farko sun nuna alamar bambanci. Wannan bai tabbatar da komai ba, amma ya nuna cewa yadda aka shigar da maganin cikin hanci yana iya zama rabin labarin. Da Dakta Bala zai yi mana bayanin wannan da ya fi.

Dakta Bala (Jidda): To, bari in yi. Masu talla suna cewa hanci gajeriyar hanya ce zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai ƙamshin gaskiya. Can saman kogon hanci, tsakanin idanu, akwai wani ƙashi mai ƙananan huji da zaren jijiyar jin ƙamshi ke ratsawa su shiga cikin kai. Abin da ya sauka a wurin yana iya bin gefen zaren ya shiga ba tare da ya bi ta jini ba. Akwai kuma hanya ta biyu ta jijiyar da ke ɗauke da ji na fuska.

Matsalar ita ce girman wurin. A ɓera, sashen jin ƙamshi ya kai kusan rabin fatar cikin hanci. A mutum bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma yana ɓoye a bayan wata matsattsiyar hanya. Kwalbar feshi ta yau da kullum, irin ta mura, yawancin abin da ta fesa yana sauka ne a gaban hanci da ƙasansa. Daga nan ƙananan gashin da ke tura majina suna share shi zuwa maƙogwaro cikin minti 15 zuwa 20, ka haɗiye, ciki ya narka shi kamar kowane furotin na abinci. A cikin majinar kanta akwai sinadarai masu gutsurar feftayid. Shi ya sa magungunan feftayid na hanci masu rajista ma kaɗan ne ke shiga jiki: kalsitonin wajen kashi 3 cikin 100, desmofuresin bai cika wuce kashi 10 ba.

Sai kura-kuran da ake yi wajen sakawa. Na ɗaya, zuƙa da ƙarfi. Mutane na zaton hakan zai kai shi sama, alhali maƙogwaro yake jefa shi, shi ya sa ake jin ɗaci a baki. Na biyu, yawa. Ƙofar hanci ɗaya ba ta riƙe fiye da mililita 0.15 zuwa 0.2 a lokaci guda, ragowar ya zubo ko ya gangara. Wannan ne dalilin da takardar Rasha ta ce kada a wuce ɗigo 2 zuwa 3, in ana buƙatar ƙari a jira minti 10 zuwa 15. Na uku, nufar tsakiyar hanci. Bangon da ya raba ƙofofin biyu yana da tarin ƙananan jijiyoyin jini a gabansa, nan ne haɓo ya fi fitowa. Duk feshin hanci, ko wane iri ne, ana karkata bakinsa ne waje, wajen kunnen wannan gefen, a fesa ƙofar dama da hannun hagu, ta hagu da hannun dama.

Ku ƙara da yanayinmu. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana yana busar da hanci, ƙura tana kawo kumburi, mutane da yawa kuma sun saba da Otrivin, feshin buɗe toshewar hanci. Otrivin yana matse jijiyoyin jini na hanci, takardar Semax ma ta hana a haɗa shi da irin waɗannan. Wanda ya wuce mako guda yana fesa Otrivin kullum, hancinsa kan koma toshewa da zarar ya daina, fatar ciki ta lalace. Irin wannan hancin ba ya karɓar magani yadda aka auna a ɗakin gwaji.

Abu na ƙarshe da ke damuna: jijiyar ƙamshi ba ta da garkuwa. A 2009 FDA ta gargaɗi mutane su daina amfani da Zicam na hanci mai sinadarin zink bayan rahotanni fiye da 130 na waɗanda suka daina jin ƙamshi, wasu bai dawo ba. Ba Semax ba ne, amma ya isa nuna mana cewa ba kowane ruwa ake kai wa wannan wurin ba.

Abu Yasir (Jidda): Allah ya saka, Dakta. Amma waɗanda ake tallatawa nan ba kwalbar Rasha ba ce. Wasu feshi ne da aka riga aka haɗa, wasu kuma gari ne a 'yar kwalba, wai ka zuba ruwa da kanka. Akwai ma mai ƙarin suna, N-Acetyl Semax Amidate, wai ya fi ƙarfi.

Famasis Nura (Riyad): Nan ne ainihin matsalar take, Abu Yasir, ta ma fi ta hujjar kimiyya girma. Ko da a ce gobe an tabbatar Semax na aiki, wannan garin da ake aikowa ba shi ne abin da aka gwada ba.

Duba jikin kwalbar, za ka ga an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don ɗan Adam ba. Wannan rubutun shi ne mafakar mai sayarwa a gaban doka. Ma'anarsa ba a haɗa shi a masana'antar da hukuma ke dubawa ba. Za su nuna maka takardar gwaji mai cewa tsabtarsa 99% ce ta HPLC. Wannan lambar tana nufin cewa a cikin abubuwan da na'urar ta gani, 99% abu guda ne. Ba ta ce abin Semax ne ba, wannan sai gwajin nauyin ƙwayar sinadari, wanda ya kamata ya nuna kusan 814. Ba ta faɗi nawa ne a kwalbar ba. Ba ta kuma ce komai a kan ƙwayoyin cuta ko dafin da suke bari ba. Garin feftayid yakan zo haɗe da gishiri da danshi, ta yadda ainihin maganin kan kasance 70% zuwa 90% na nauyin da aka rubuta. Gishirin ma iri biyu ne: na magani asitet ne, na ɗakin gwaji sau da yawa TFA ne, ragowar asid ɗin da aka wanke shi da shi. Ita takardar kuma, in lambar rukunin da ke kanta ba ta yi daidai da ta jikin kwalbarka ba, ba taka ba ce.

Sai lissafi. A ce gari miligiram 30 ne, aka zuba ruwa mililita 10. Kowace mililita na da miligiram 3. Kan feshi yakan fitar da kusan mililita 0.1, kenan fesawa ɗaya maikirogiram 300 ce, daidai da ɗigo 6 na kwalbar Rasha mai rauni. Mai fesa biyu a kowace ƙofa sau biyu a rana ya sha maikirogiram 2,400, ya ninka iyakar takardar fiye da sau biyu da rabi, kuma ba na kwana 5 ba, wata da watanni. In ya zuba mililita 5 maimakon 10, komai ya sake ninkuwa. Kan feshin ma ba duka ɗaya ba ne, wani 0.05 yake fitarwa, wani 0.14, kuma fesawar farko bayan an ajiye shi rabi iska ce.

Ruwan haɗawa ma fitina ne. Ruwan allura mai hana ƙwayar cuta tsiro yana da benzil alkohol 0.9%, yana yi wa hanci raɗaɗi. Ruwan gishiri 0.9% ya fi sauƙi ga hanci amma babu abin kariya a cikinsa, bakin kwalbar na taɓa hanci kullum, cikin kwanaki ƙwayoyin cuta sun zauna. Na Rasha yana da metilfaraben saboda wannan dalilin. Ruwan famfo ko na hazzan kuwa kada a ma fara, tankin da ke kan rufi cikin zafin nan wurin kiwon ƙwayoyin cuta ne.

Shi kuma N-Acetyl Amidate, an toshe bakin sarƙar biyu ne don ta daɗe kafin ta narke. Wannan ya mai da shi wani sinadari daban. Ba shi ne mai rajista a Rasha ba, gwaje-gwajen da Dakta Sa'adatu ta ambata ba a kansa aka yi su ba. A 2023 FDA ta sa Semax da Selank cikin sinadaran da ta nuna damuwa a kan haɗa su a kantunan magani, tana ambaton dattin da kan rage daga haɗa feftayid da yiwuwar garkuwar jiki ta yi musu bore.

Injiniya Sabi'u (Yanbu): In ƙara a kan maganar zafi, tunda harkar ɗakunan sanyi da jigilar kaya ce. Magani irin wannan a firij yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a jikin ƙofa ba inda sanyi ke hawa da sauka, ba kuma a firiza ba. Kunshin da aka aiko ta jirgi yana iya yin kwanaki a sito kafin jamarik, wato kwastam, su sake shi, sannan ya hau motar mai kai saƙo. 'Yar ƙanƙarar roba da ake sakawa a ciki ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu. A watan Yuli zafin waje a Riyad ko Makka yana haura 45, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce 60. Busasshen gari yana ɗan jurewa, wanda aka riga aka narka a ruwa shi ne ya fi saurin mutuwa.

Famasis Nura (Riyad): Haka ne Injiniya. Amino asid na farko a sarƙar metiyonin ne, yana da sulfa, iska da zafi da haske suna sauya shi da sauri. Kuma ba ya canza launi ko wari da za ka gane. Ruwan zai kasance garau alhali ya lalace.

Game da jamarik: shigo da magani don amfanin kai yana buƙatar wasfa, wato takardar magani daga likita, ko rahoton likita, kuma hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, Hai'atul Giza wad Dawa, tana da ikon tsare kunshin. Sayar wa wasu maganin da ba shi da rajista kuwa laifi ne, ga baƙo mai iƙama, wato katin zama, abin na iya shafar zamansa. Duk maganin da ake shakka, a buɗe manhajar Tameni a bincika sunansa, ko a kira hukumar a 19999.

Hajiya Rabi (Makka): Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana, Allah ya yi albarka. Tambaya biyu daga ɓangaren iyaye mata. Yaron da ke shirin jarabawa, ɗan shekara 16 ko 17, in ya riga ya fara, akwai haɗari? Sannan masu azumin Litinin da Alhamis, ɗigon hanci yana karya azumi?

Dakta Sa'adatu (Makka): Hajiya, ya daina, babu buƙatar a rage a hankali. A duba ko yana da ɗaya daga cikin abubuwan da takardar Rasha da kanta ta hana: tarihin farfaɗiya ko jijjiga, ciwon fargaba, taɓin hankali mai tashi. Haka mai ciki da mai shayarwa. Wannan na fargaba shi ne ya fi dacewa da ɗalibai, domin yaron da ya je neman abin buɗe kai ana saura mako biyu jarabawa yawanci tsoro ne ke cinsa, kuma abin da ke motsa ƙwaƙwalwa yana iya ƙara masa bugun zuciya da rashin barci. Ko a Rasha yaran da ake ba wa, daga shekara 7 ne, masu matsalar da likita ya tantance, ba masu lafiya ba. A kuma tambaye shi cikin lallashi me yake haɗawa da shi. Sau da yawa akwai gwangwanin lemon ƙarfi uku huɗu a rana, wani lokaci har da ƙwaya daga hannun aboki. Ritalin da Concerta, masu motsa ƙwaƙwalwa, magunguna ne masu tsananin sa-ido a nan, riƙe su ba wasfa babbar magana ce, balle haramtacciyar ƙwayar nan Kaftagon.

In ya ce ai yana jin aikinsa, kada a ƙaryata shi. Wanda ya kashe riyal ɗaruruwa, ya ji sanyi a hanci, ya zauna da niyyar karatu, zai ji kansa ya buɗe ko da ruwan gishiri ne. Jin na gaske ne, sai dai ba ya nuna daga ina ya zo.

Malam Habibu (Madina): Hajiya, batun azumi akwai saɓani. Asalin maganar hadisin Laƙiɗ ɗan Sabira ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai dai in ana azumi. Daga nan malamai suka fahimci hanci mashiga ce. A Malikiyya, ruwan da ya bi ta hanci ya isa maƙogwaro yana karya azumi, sai a rama. Shaikh Bin Baz ma ya tafi a kan cewa wanda ya ji ɗanɗanon ɗigon a maƙogwaronsa ya rama. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta ce ɗigo da feshin hanci ba sa karyawa matuƙar an kauce wa haɗiye abin da ya gangaro. To ga shi Dakta Bala ya ce yawancinsa maƙogwaro yake tafiya. Mai lalura ta gaske yana da sauƙi, ya bi maganar likitansa da malaminsa. Wanda ba shi da ciwo, bai kamata ya jefa azuminsa cikin saɓani ba.

Ga ɗalibanmu kuma, hadda ba ta taɓa zama ba sai da muraja'a. Abin da aka karanta yau a maimaita gobe, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako, a rufe littafi a karanto da ka.

Dakta Isiyaku (Dammam): Malam, kimiyya ma tana bayanka a nan. Maimaitawa da tazara da kuma gwada kai ba tare da duba littafi ba suna cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a nazarin koyo. Barci kuma shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka koya da rana ta adana shi. Matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Tsarin rayuwarmu a nan, a kwana ido biyu har Asuba, shi ne babban mai cinye hadda. Kafin na gahawa da shayi yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin bayan Isha'i yana nan a jini ƙarfe 2 na dare. Shi BDNF ɗin da ake tallata Semax da shi, motsa jiki mai sa haki yana ɗaga shi, kuma wannan a mutane aka auna.

Matsayina dai bai sauya ba: sinadari ne da ya cancanci a yi masa babban gwaji. Amma cancantar gwaji daban, cancantar a saya wa yaro daban.

Abu Yasir (Jidda): Saura ɓangaren kare ƙwaƙwalwa. Wasu dattawa ake saya wa, wai rigakafin shanyewa, wasu ma suna ajiye shi wai in abin ya faru a ɗiga kafin a je asibiti.

Dakta Sa'adatu (Makka): Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari a duk abin da aka faɗa yau, don Allah a isar wa kowa. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba a ɗiga komai, ba a ba da ruwa, ba a ba da asfirin. A duba agogo a riƙe lokacin da aka ga mutumin lafiya na ƙarshe, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, ko 911 a yankunan da yake aiki kamar Makka da Riyad. Allurar narka gudan jini tana da iyakar awa 4 da rabi daga farawar alamu. Zaro gudan ta jijiya ana yi cikin awa 6, wasu zaɓaɓɓu har awa 24. An ƙiyasta ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti a babbar toshewa. Kuma sai an yi hoton kai ake sanin toshewa ce ko fashewar jijiya, maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Ko alamun sun wuce cikin minti goma, a je a ranar.

Rigakafi kuwa an san shi. Hawan jini ne kan gaba. A gwajin SPRINT MIND na 2019, mutum fiye da 9,000, waɗanda aka sauke lambar samansu zuwa ƙasa da 120 sun samu raguwar farkon raunin tunani da kashi 19 cikin 100. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, masu alaƙa da kusan 45% na ciwon mantuwa, ciki har da suga, taba, ƙiba, kitsen jini, raunin ji da raunin gani da ba a kula da su ba. Mai bugun zuciya marar tsari yana buƙatar maganin tsinka jini. Shisha ma taba ce.

Wanda ke jin kansa ya yi nauyi, yana mantuwa, kuɗin feshin ya kai su ɗakin gwajin jini: HbA1c na suga, TSH na maƙoƙo, feritin na ƙarfen jini, da bitamin B12. Na ƙarshen ya fi muhimmanci ga wanda ya daɗe a kan metfomin na suga ko omefurazol na olsa, domin duka biyun suna rage shigarsa jiki, rashinsa kuma yana kawo mantuwa da jin kamar ana tsira allura a ƙafa, yana kuma gyaruwa in an kama da wuri. Mai minshari da ke farkawa a gajiye a yi masa gwajin barci. Lambar 937 ta Wizaratus Sihha, ma'aikatar lafiya, tana ba da shawarar likita dare da rana.

Hajiya Rabi (Makka): Dakta, masu sikila fa? Muna da su da yawa a cikinmu, an ce su ma ana ba su wai don kada karatu ya gagare su.

Dakta Sa'adatu (Makka): Hajiya, su ne ma ya fi kamata a tsare daga wannan, domin suna da abin da aka tabbatar yana kare su. In ba a yi rigakafi ba, kusan 11% na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20, kuma wajen ɗaya cikin uku na yaran suna da ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa da ba sa nuna alama sai ja baya a makaranta. Yaro mai sikila da karatunsa ya faɗi kwatsam, likitan jini za a kai wa, a nemi hoton MRI.

Daga shekara 2 zuwa 16, kowace shekara a yi masa gwajin TCD, na'ura ce da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko fiye, yaron na cikin haɗari. Gwajin STOP na 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage shanyewar farko da kusan 90%. Inda ƙarin jinin ke da wuya, aikin da aka yi a asibitocin Kano ya nuna haidiroksiyuriya ma tana kare irin waɗannan yaran. Mai shan ta yana buƙatar gwajin ƙirgen jini lokaci-lokaci kamar yadda likita ya tsara, kuma kada a tsayar da ita don an ga yaro ya samu sauƙi. A tambayi asibitin da yake zuwa yaushe aka yi masa TCD na ƙarshe, in ya wuce shekara a nemi a sa masa ranar yin gwajin.